Ranar da Motata ta Cinye Muryar Yaya

Ni ba makanike ba ne, ban taɓa zama ba. Direba ne ni, kuma direban ma mai saurin hannu da saurin fushi. In abu ya ƙi, ban iya zama in lallaɓa shi ba, sai dai in finciko. Mutanen gidanmu sun san halina tun ina ƙarami, shi ya sa ranar da na yi ɓarnar nan babu wanda ya yi mamaki.

A shekarun farin nan, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, ina jan motar wani Alhaji ɗan kasuwa a Tasawa. Mai buɗaɗɗen baya ce, muna cin kasuwannin ƙauye da ita, yau Maijirgi, gobe Mayahi, wani lokaci mu nausa cikin rairayi har Mairairai. Ba wata mota ce ta a zo a gani ba, ƙofar fasinja ma da igiya nake ɗaure ta. Amma tana da rediyo mai cin kaset, wanda Alhaji ya sayo a Katsina tun kafin a rufe iyaka, kuma wallahi na fi kula da rediyon nan fiye da injin motar. Har ƴar riga na sa tela ya ɗinka masa da ƙyallen atamfa saboda rairayi.

Wata rana ya fara kuka, ƙii-ƙii, duk lokacin da kaset ke juyawa. To mu a ƙauyenmu duk abin da ya yi irin wannan kuka maganinsa ɗaya ne. Amalanken jaki, keken ɗinki, ƙyauren kwano, duk man gyaɗa ake ɗiga musu su yi shiru. Na je wurin mai ƙosai a tasha, na tsoma gashin kaza cikin kaskonta, na zura ta bakin da ake sa kaset, na shafe duk inda gashin ya iya kaiwa. Kukan ya ɗauke ɗif. Na yi kwanaki ina ba sauran direbobi labari, ina jin kaina wani gwani.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Yaya.

Mu biyu ne maza a wurin Inna. Shi ne babba, shi ne kuma ɗan farinta. Ƴan yanzu masu saɓa ɗan fari a kafaɗa suna yawo da shi a titi ba za su gane ba. Inna ba ta taɓa goya shi a gaban mutane ba, kakarmu ce ta rene shi. Ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar inda ya je, in ya shigo cikin gida sai ta nemi wani aiki ta sa a gaba. In ta kama dole ta yi zancensa sai ta ce da ni "yayanku", sai ka ce mu goma ne. Ni kuwa ni take zagi, ni take ja wa kunne, ni take ɓoye wa ƙanzo. Ina yaro na ɗauka ta fi sona. Sai da na girma na gane ba haka ba ne, ni dai ni ne aka yarda ta nuna wa.

Daminar da muka yi shuka sau uku, gero na ƙonewa tun bai kai gwiwa ba, Yaya ya ce shi zai tafi biɗa, wato ci-rani. Mahaifinmu ya riga ya rasu, gida na hannun ƙanensa, Baffa. Yaya na da mata da ƴaƴa uku, rumbu kuwa ko ɓera ya daina leƙawa. Safiyar da zai tafi ina nan tsaye. Ya zo ya durƙusa a bakin ɗakin Inna ya ce zai kama hanya. Aka yi rashin sa'a maƙwabta mata sun shigo suna zaune tare da ita. Ba ta ɗaga kai ba. Ta dubi wadda ke kusa da ita ta ce, "A ce masa Allah shi kiyaye hanya." Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya tashi ya ɗauki jakarsa.

Shekara biyu babu saƙo daga gare shi. Wani da ya dawo daga Abijan ya ce ya gan shi yana dako a bakin ruwa. Wani ya ce a'a, shi ya ji yana kwance asibiti. Inna ba ta tambayi ko ɗayansu ba. Amma duk ranar da na biyo ta gida da mota, kafin in kashe inji tana bakin zaure, da ƙwarya ko tsintsiya a hannu wai aiki ne ya fito da ita, tana duban masu sauka ɗaya bayan ɗaya. In na ƙarshe ya sauka sai ta juya ciki. Kowa ya rame a shekarun nan, amma ramar Inna daban ce. Rabonta na jar dawar taimako jikokinta take tura wa, ta ce ita ta ƙoshi. Abin yana cina, ban san yadda zan yi da ita ba.

Rannan ina tashar Tasawa, wani direban babbar mota da ya fito daga Maraɗi ya miƙo mini ƙunshi, an naɗe da leda an ɗaure da zare, an rubuta sunan ƙauyenmu da na Baffa da ajami. Ina taɓawa na san kaset ne. A lokacin haka ƴan biɗa ke aiko da wasiƙa. Mutum ya sami mai rediyo ya zauna ya yi maganarsa da bakinsa, ba sai an nemi mushen lakwal, malamin boko, ya karanta sirrin gidan mutane ba. Na sa shi a aljihun gaba. Da a ƙauyenmu akwai rediyo biyu masu cin kaset. Ɗaya an sayar an sayi hatsi, ɗayan kuma mai shi ya manta rabonsa da ganin pil, batir ɗin da zai sa masa. Saura motata ke nan.

Bayan la'asar na tsayar da ita a ƙofar gida, gindin aduwa, na buɗe ƙofofi biyu. Baffa ya sa aka shimfiɗa tabarma, dattawa suka zauna, mata suka jeru bayan danga, matar Yaya da ɗiyanta suna cikin zaure. Inna ba ta zo ba, babu kuma wanda ya yi tsammanin za ta zo. Ta ɗauki faifai ta je gindin rumbu ta zauna, ta ba mu baya, tana gyaran anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake ci a shekarar yunwa. Na lura dai ta zaɓi daidai inda murya za ta iya kaiwa.

Na cire wa rediyo rigarsa, na tura kaset. Aka ɗan ji shuu, da ƙarar motoci can nesa, sai ga tari, sai ga sallama. Muryar Yaya ce, ba ta sake ba ko kaɗan. Matarsa ta fashe da kuka, Baffa ya ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Yaya ya gai da mai gari, ya gai da liman, ya gai da Baffa, ya bi gida gida bai tsallake kowa ba, har gurgun jakin maƙwabcinmu sai da ya tambaya. Kowa aka ambata sai ya amsa da ƙarfi, "Lafiya lau! Muna amsawa!" Ya ce ya sami aikin gadi, ya ce yana nan cikin rufin asiri. Ya yi wa matarsa magana, ya kira ɗiyansa ɗaya ɗaya. Sannan ya ce, "To jama'a, a yi mini haƙuri, saura tsohuwa. Na san ba za ta matso ba, amma na san tana ji. Inna, ranar da zan taho..."

Sai muryar ta ja, ta yi kauri, ta koma gurnani, ta tsaya.

Na danna maɓalli. Kaset ya fito rabi, zarensa na maƙale a ciki. Baffa ya ce, "Kai, yi a hankali." Ina! Kunya da haushi sun riga sun rufe mini ido, ga mutane sun zuba mini na mujiya. Na finciko. Na ji ɗan ƙaramin sauti, tas, zaren ya tsinke. Rabi na lilo a hannuna, rabi na cikin cikin rediyo.

Babu wanda ya zage ni, da ma an zage ni ɗin da ya fi mini sauƙi. Dattawa suka ce Allah bai nufa ba, suka kakkaɓe riguna suka tashi. Na waiwaya gindin rumbu. Hannuwan Inna na cikin faifai amma ba sa motsi. Ta jima haka, sannan ta tashi ta shige ɗaki.

Washegari da sassafe ta kawo mini kunu. Ta ajiye, ta tsaya tana gyara wata igiya a jikin danga wadda babu abin da ya same ta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Irin abin nan naku, in ya tsinke shi ke nan?"

Tun da nake ban taɓa jin ta matso kusa da tambayar Yaya haka ba. Na ce, "Ana gyarawa, Inna." Wallahi ban san ko ana gyarawa ba.

A shingen shiga Tasawa jandarma ya karɓi takarduna, ya leƙo ya ga zare na reto daga bakin rediyo. A zamanin nan ba a wasa da kaset ɗin da ba a san abin da ke ciki ba. Ya ce na mene ne? Na ce wasiƙar wana ce daga biɗa, uwarmu ba ta kai ga jin nata ba. Ya dube ni, ya miƙo takardun, ya ɗaga sanda. Ina jin shi ma ya bar tsohuwa a wani wuri.

Akwai wani tsoho a gefen kasuwa mai rumfar zana. Da agogo yake gyarawa, da agogo suka yi ƙaranci ya koma rediyo. Tabaransa ƙafa ɗaya ce, ɗayar zare ne ya zagaya kunne. Bai da gaggawa ko ta sisin kwabo, kuma bakinsa ya fi turnabis ɗinsa na kwance kusoshi kaifi. Na tsayar da mota a gaban rumfar, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa abin da ya faru.

Ya ce, "Wa ya ja?"

Na ce ni ne, Baba.

"Na sani. Tambaya nike in ji ko za ka yi ƙarya."

Ya sa na kwance rediyon daga jikin mota, ya hana ni taɓa zaren. Ya ɗora shi kan tabarma, ya kwance kusoshi huɗu ya jera su cikin murfin gwangwani, ya ɗaga murfi. Ban taɓa ganin cikinsa ba sai ran nan. Zaren ya naɗe a jikin wani siririn ƙarfe da wata ƴar tayar roba da ke matse da shi, ya cukuikuye, ya yi baƙi. Tsohon ya sunkuya zai duba, sai ya tsaya. Ya kai hanci. Ya sake kai hanci. Ya ɗago ya cire tabarau.

"Direba, gyara ka kawo mini ko suyar ƙosai?"



Ya ƙara da cewa, "Man gyaɗa! A shekarar da mutane ke lasar ludayi, kai ka sami man da za ka ba rediyo. To ya ci ya ƙoshi, shi ya sa ya ƙara da kaset." Ya kira mai shayin da ke kusa ya zo ya sansana, mai shayi ya kira mai faci. Na tsaya a nan ana dariyata, jijiyar wuyana ta tashi, amma na danne, domin abin da ke hannunsa ya fi zuciyata.

Da ya gama more mini sai ya nuna mini yadda abin yake. Ya haɗa rediyon da wani tsohon batir, ya kunna shi babu kaset. Akwai ƴan haƙora biyu da ke shiga ramukan kaset, ɗaya shi ke naɗe zare bayan murya ta wuce. Ya ɗora ɗan yatsa a kansa kawai, sai ya tsaya cik. Ya juya rediyon ya nuna mini wani siririn zoben roba da ke tasowa daga ɗan injin yana juya komai. Man ya jiƙa shi, ya saki, yana santsi. Rairayin hanya kuma ya haɗu da man ya zama wani abu kamar tunkuza, ya manne a ƴar tayar nan. Ya ce, "Ka gani? Gaba na turo zare, baya ba ta karɓa. Ina za shi? Sai shi naɗe inda ya samu. Kukan da ka ji tun farko ƙura ce kawai, da ka kawo da na hure maka ita."

Ya ɗauki tsinken tsintsiya ya fara warware zaren, naɗi ɗaya bayan ɗaya, yana juya ƙarfen baya da yatsa. Ya kusa kai azahar kafin ya fitar da shi duka. Ya shimfiɗa shi kan cinya, wajen kamu uku, duk ya yamutse. Ya ɗauko reza.

Na ce, "Baba, mi za ka yi?"

"Yanke wanda ya lalace zan yi, in haɗa mai kyau da mai kyau. Haka ake yi."

Na riƙe masa hannu. Ni da ban iya roƙo ba, ran nan na yi. Na gaya masa komai, tafiyar Yaya, da yadda aka gai da kowa har jaki, da daidai inda muryar ta tsaya. Na ce abin da ke cikin kamu ukun nan shi kaɗai ne na Inna.

Ya ajiye rezar. Ya ce, "Ɗan fari ne?"

Na ce e.

Bai sake yi mini ba'a ba sai can da yamma. Ya ce wa mai shayi ya kawo ruwan zafi a kofin gilas. Ya jira ya ɗan huce har ya iya riƙewa, ya goge jikin kofin ya bushe, ya goge man da ke zaren da auduga, sannan ya riƙa jan zaren a hankali a bayan kofin, taki ɗaya, ya dawo, taki ɗaya, ya dawo. In ruwan ya huce a sake kawo wani. Zaren ya riƙa miƙewa, ba sarai ba, ana ganin tabon lanƙwasa, amma ya kwanta. Ya buɗe kaset ɗin kansa, ya nemo ɗaya bakin da ya shige ciki, ya daidaita bakunan biyu da reza, abin da ya cire bai kai faɗin farce ba. Ya zaro wata ƴar kwalbar jan farce daga akwatinsa, ya ɗiga ɗan mitsitsi a bayan zaren, ya ɗora ɗayan, ya danne da yatsa yana salati. Da ya bushe ya zura bik, wato biro, a ramin kaset ya naɗe shi tsaf.

Saura rediyon. Ya wanke ƙarfen da ƴar tayar da alkol, ruwan wanke rauni irin na gidan likita, auduga bayan auduga, har ta daina fitowa da baƙi. Ya goge ɗan ƙarfen da zare ke gogawa, wanda shi ke fitar da murya. Zoben roba kuwa ya ce ya mutu, sabo kuma babu, tun da aka rufe iyaka ko ɗaya bai shigo ba. Ya aika wurin mai faci aka kawo tsohuwar robar cikin tayar keke, ya riƙa yanko siraran zobba da almakashi. Bai yarda ya gwada da kaset ɗin Yaya ba, wani tsohon kaset na waƙa ya sa, wanda ya ce ya san shi kamar yunwar cikinsa. Zobe na farko ya matse da yawa, mawaƙin ya koma magana da ƙyar kamar mai barci. Na biyu ya yi sako-sako, ganga na gudu tana tuntuɓe. Ni har na fara cewa ai wannan ma ya yi, ya harare ni ta saman tabarau. Sai a na huɗu ya rufe ido ya saurara, ya gyaɗa kai. Ya ɗan murɗa wata ƴar kusa da bakin turnabis, muryar da ke dishi-dishi ta washe.

Na ce to mu sa na Yaya mu ji ko ya yi.

Ya rage ƙara har sai ya kai kunne jikin lasifika, ya sa kaset ɗin, ya saurari abin da bai fi numfashi biyu ba, ya kashe. Ya mayar da shi baya da bik zuwa daidai inda aka ce saura tsohuwa. Ya ce, "Ya wuce gaɓar lafiya. Muryar za ta yi rawa inda ya yamutse, wannan ba ni da maganinsa. Sauran ban ji ba, kai ma ba za ka ji ba. Wadda aka aiko wa ita ke fara ji."

Na ce gobe in sha Allahu zan sa Baffa ya sake tara mutane.

"Kai dai Allah ya ba ka ƙarfi ya hana ka sauran. Ka tara mata gari, ta ji ɗan farinta a gaban surukai da maƙwabta? Ko da ba ka tsinka ba, rabin kunne za ta ba shi." Ya miƙo mini kaset ɗin. "Gyara irin wanga sai an gwada. Kuma ba a gwada shi cikin taro. Ka nemi inda babu kowa, ka kunna, ka tuna kana da wani uzuri."

Na gaya wa Alhaji motar na bukatar kwana biyu, ban ce masa wane ɓangare nata ba. Washegari na isa ƙauye da hantsi. Allah ya taimake ni ranar rabon taimako ce, maza duk sun tafi Maijirgi da amalanke, mata kuma suna rijiya, domin a lokacin sai a wuni ana jiran ruwa ya taru. Ban tsaya ƙofar gida ba. Na zagaya baya, na tsayar da mota jikin danga, daidai bayan ɗakin Inna. Na shiga na gaishe ta. Ita kaɗai ce a tsakar gida.

Na ce, "Inna, an taɓa abin nan, amma mai gyara ya ce sai an gwada. Zan bar shi yana yi, ni zan je in nemo ruwan da zan zuba wa mota. Kar ƙarar ta dame ki."

Ta ce, "Ni ina ruwana."

Na kunna, na bar ƙofa buɗe, na ɗauki galan na tafi ina buga shi a ƙafa don a ji na yi nisa. Allah ya yafe mini, ban yi nisa ba. Na zagaya na laɓe bayan rumbun maƙwabta.

Ba ta fito nan da nan ba. Sai da Yaya ya ce na san tana ji, sannan na ga ta ɓullo ta ƴar ƙofar baya, ta duba gabas ta duba yamma, ta zo ta tsuguna jikin ƙofar mota.

"Inna, ranar da zan taho," muryar ta ɗan yi tsalle a gaɓa, ta ci gaba tana rawa, "na ji abin da kika ce a gaya mini, ya kuma ishe ni. Da na buɗe jaka a Maraɗi na ga munduwarki ƙulle cikin tsumma. Ban san lokacin da kika sa ba. Ban sayar ba, tana nan. An gaya muku na yi ciwo, gaskiya ne, amma na warke sarai."

Duk wannan cikin rawar murya ya fito, kamar mai jin sanyi. Na ga Inna ta kai hannu ta dafa jikin ƙofar inda sautin ke fitowa. Daga nan zaren ya wuce inda na ɓata, muryar ta daidaita.

"Kina cin abinci kuwa?"

Ta ce, "Ina ci."

"Na san halinki, kar ki riƙa ba yara rabonki."

"Wa ya ce maka? Ina ci, har ina bari."

Ya ce ta yafe masa shirun da ya yi, ba mantawa ba ce, kunyar aiko da murya babu komai a hannu ce. Ya ce in ruwa ya sauka zai zo. Ya ce ta sa masa albarka.

Ta ce, "Na yafe. Mi ka yi mini? Allah shi yi maka albarka, ɗana. Allah shi yi maka albarka. Allah shi maido mini da kai." Ta faɗa da ƙarfi, yadda ake yi wa wanda ke nesa magana. Ni da nake ƙato da gemu, na zauna bayan rumbun mutane ina share hawaye da hannun riga.

Da kaset ya ƙare ya tsaya da kansa, ta ɗan jima a tsugune, sannan ta goge fuska da bakin zane ta koma. Na ba ta lokaci. Na dawo ina waƙa ina buga galan, wanda ko ɗigon ruwa babu a ciki. Na same ta a tsakar gida tana shara inda ta riga ta share.

Ta ce, "Ka gwada abin naka?"

"Na gwada, Inna."

Ta ci gaba da shara. Can ta ce, "Na ji kamar muryar mutum na rawa a ciki."

Ba ta dube ni ba, amma tsintsiyar ta tsaya. Na gane abin da take tambaya.

Na ce, "Laifina ne, ni na yamutsa zaren wurin. Mai gyara ya ce duk wanda ya yi magana a kan zaren da ya yamutse haka za a ji shi, ko da ƙato ne mai ƙoshin lafiya. Ba ki ji gaba da baya garau take ba? Mai maganar lafiyarsa lau, zaren ne ya ji ciwo."

Ta sauke numfashi. Ta ce, "Kai dai da hannunka, komai ka taɓa sai ka ɓata."

"Haka ne, Inna."

"To ai bai gama gyaruwa ba ke nan. Gobe kafin ka tafi ka sake gwada shi. Nan inda ka tsaya ɗin ma ya yi, akwai inuwa."

Ko itace ɗaya babu a wurin, rana ce tsagwaronta. Na ce, "To, Inna."